Lambar da ke fitowa a allon katafila: yadda wayarka za ta taimaka ka gane ciwon inji

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Darki da Wudil ya saba ganin manyan injina: eskabeta tana loda wa tifa yashi a bakin kogin Wudil, ko gireda tana baje ƙasa. Aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Maiduguri, wanda aka bayar tun 2006, kamfanin Dantata & Sawoe kuma ya karɓi ɓangaren Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, ya sa injinan nan sun zama 'yan gida a yankin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, injinan zamani suna ɗauke da kwamfuta a cikinsu, kuma idan suka ji ciwo suna faɗa da lambobi.

Matsalar ita ce yadda ake karɓar maganar. Inji zai rage ƙarfi da tsakar rana, wata lamba ta fito a allo, tifofi su yi layi suna jira, kuɗin hayar yini yana tafiya. Sai a ce ai sensa ce ta mutu, a tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo wata. A ɗaura, lambar ta dawo. Daga nan sai a koma zargin ƙwaƙwalwar injin, wadda ta fi sensar tsada nesa ba kusa ba. Alhali lambar ba ta ce a canja komai ba. Wurin da za a duba kawai ta nuna.

Ƙwaƙwalwar inji, wato ECM, tana karɓar rahoto daga na'urorin awo da aka dasa a sassa daban-daban: zafin ruwan lagireto, ƙarfin bugun baƙin mai, gudun inji, da sauransu. Yawancinsu ana ba su wuta bolt 5, su kuma su mayar da amsa tsakanin kusan 0.5 da 4.5. Idan amsar ta fita daga wannan iyaka, ƙwaƙwalwar sai ta rubuta lamba. Saƙonnin suna bi ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Manyan motoci da injinan aiki kuma suna magana a kansa da yaren da ake kira J1939.

A wannan yare, lambar kashi biyu ce. Kashi na farko, SPN, shi ke faɗin wurin: 100 ƙarfin baƙin mai ne, 110 zafin ruwa, 190 gudun inji, 97 kuma ruwa a cikin man dizal. Kashi na biyu, FMI, shi ke faɗin irin ciwon, kuma shi aka fi yin watsi da shi. Caterpillar tana kiran kashin farko CID, Komatsu kuma tana da nata jerin da ke farawa da haruffa irin CA, amma tunanin ɗaya ne.

Mu ɗauki 110. Idan ka ga 110 da 0, ma'ana sensar lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa, injin ne ya yi zafi fiye da kima. Nan sai a kashe, a duba ruwa, da bel ɗin fanka, da ƙurar da ta toshe lagireto, musamman lokacin hunturu. Idan kuwa 110 da 3 ne, wutar da ke dawowa ta yi yawa, galibi waya ce ta tsinke ko soket ya saki. In 110 da 4 ne, wutar ta yi ƙasa, wataƙila waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Wuri ɗaya, ciwo uku, magani uku. Biyu daga ciki ma sau da yawa ba sa bukatar sayen komai.

Haka 100 da 1 ke nufin ƙarfin baƙin mai ya faɗi da gaske. Wanda ya cire soket ɗin sensar don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, ya ci gaba da aiki, to inji ne zai iya bugawa gaba ɗaya. Rigakafi ya fi magani.

Ina amfanin wayarka a nan? Da farko ka ɗauki hoton allon kafin a kashe inji, don wasu lambobin suna ɓacewa. Sannan ka nemi littafin gyara na ainihin samfurin injin ka ajiye a waya, saboda ba ko'ina ake samun sabis ba a bakin aiki. Ka rubuta lambar cikakkiya da sunan injin idan za ka bincika a intanet.

Kada ka soka ɗan abin nan mai arha na ƙananan motoci, irin ELM327, a jikin katafila. Shi an yi shi ne don mota mai bolt 12 da soket mai baki 16, injinan nan kuwa yawanci bolt 24 ne, soket ɗinsu zagayayye mai baki 9 ko makamancinsa. Zai iya ƙonewa. Akwai na'urorin da aka yi musamman don J1939 masu haɗuwa da waya ta Bluetooth, amma abin da suke karantawa yana da iyaka. Aiki mai zurfi sai da manhajar kamfani, kamar Cat ET a kwamfuta, wadda dillalai irin Mantrac ke amfani da ita. Wannan kulle ba a nan kaɗai ake kuka da shi ba: a Janairun 2025 hukumar FTC ta Amurka ta kai John Deere kotu kan hana manoma cikakkiyar manhajar gyara.

Kayan aikin da ya fi kowanne rufin asiri shi ne mitar awon wuta. A kashe inji, a cire batir, a auna tsakanin wayoyin CAN biyu: om 60 ake son gani. In ka ga 120, ɗaya daga cikin resisto biyu na ƙarshen layin ya ɓace ko waya ta katse. Haka za ka kunna makulli ka auna ko bolt 5 yana isa ga sensa kafin a yanke mata hukunci. Kuma kafin ka kusanci inji, a sauke bokitin ƙasa, direba ya san kana wurin.

Ga matashin da ya iya waya kuma yake neman sana'a, wannan ƙofa ce a buɗe. Bakanike ya san ƙarfe, kai kuma ka koyi karatun lamba da riƙon mita, sai ku haɗu. Ka fara da haddace ma'anar FMI daga 0 zuwa 5, ka nemi wani mai gyaran wayar mota ya koya maka awo, sannan ka riƙa rubuta kowace lamba da abin da ya gyara ta.