Webb Ko Irmatov: Musu A Kan Gwanin Alƙalan Ƙwallo Na 2010

Akwai wani musu da ya daɗe yana zagayawa tsakanin masu sha'awar ƙwallon ƙafa, a zauruka da rumfunan kasuwa in ciniki ya yi sanyi. Musun kuwa shi ne, a cikin alƙalan wasa, watau waɗanda ake kira rafali, wane ne ya fi iya hukunci a shekarar 2010, shekarar da aka fara kawo gasar Kofin Duniya ƙasar Afirka? Jama'a sun rabu kashi biyu. Waɗansu suka ce Howard Webb ne, mutumin Ingila. Waɗansu suka ce a'a, Ravshan Irmatov ne, mutumin Uzbekistan. To, bari mu shimfiɗa hujjojinsu, sa'an nan mu faɗi inda namu ra'ayin ya karkata.

Hujjar mutanen Webb ba ƙarama ba ce. Shi dai a lokacin sajan ne na 'yan sanda, mutumin garin Rotherham, ƙaƙƙarfa mai kwarjini. Ran 22 ga watan Mayu na wannan shekara, shi ya riƙe usur a birnin Madrid a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, inda Inter Milan ta ci Bayern Munich 2 da nema, aka tashi lami lafiya. Bayan kwana 50, ran 11 ga Yuli, aka sake danƙa masa usur a Johannesburg domin wasan ƙarshe na Kofin Duniya tsakanin Sifaniya da Holan. Kafinsa ba a taɓa samun wanda ya haɗa waɗannan biyu a shekara guda ba. Kuma ƙungiyar IFFHS, mai tattara tarihi da ƙididdigar ƙwallo, ta zaɓe shi gwanin alƙalai na duniya a shekarar. Masu goyon bayansa sukan ce, wace shaida kuma ake nema bayan wannan?

Amma fa malamai sun sani, naɗin rawani daban, iya shari'a daban. Ba alƙali babban wasa shaida ce ta yardar da aka yi masa tun gabanin aiki, shi kuwa aikin sai an duba shi da kansa. Har ma akwai abin al'ajabi game da yadda hanya ta buɗe wa Webb. Ba a ba mutum hukuncin wasan da ƙasarsa ke ciki, saboda haka da Ingila ta kai ƙarshe, da dole ya koma gefe. Ingila kuwa ta fita ne a hannun Jamus da ci 4 da 1, a wasan da ƙwallon Frank Lampard ta bugi ƙarfe ta faɗa bayan layi ƙarara, alƙali Jorge Larrionda da mataimakinsa ba su gani ba. Watau kuskuren wani alƙali, wanda ya ƙona ran Ingila duka, yana cikin abin da ya share wa ɗan Ingila hanya.

To, mu je ga wasan kansa. Mutanen Holan sun shigo da nufin hana Sifaniya sakat, suka yi ta sara da banka tun daga farko. Wajen minti na 28, Nigel de Jong ya ɗaga ƙafa ya dasa ƙasan takalminsa a ƙirjin Xabi Alonso, ya zube ƙasa. Duk wanda ya ga wannan a talabijin ya san hukuncinsa kora ce. Webb ya ciro katin gargaɗi kurum. Daga baya shi da bakinsa ya amsa cewa daga inda yake tsaye bai ga abin sosai ba, da ya gani kuwa da jan kati zai bayar. Wannan amsa laifi abin yabo ne gare shi, amma ba ta maido da hukuncin ba. Kafin a tashi ya ba da katin gargaɗi 14, alhali kuwa mafi yawan da aka taɓa bayarwa a wasan ƙarshe kafin nan 6 ne, a 1986. Sai a minti na 109 ya kori John Heitinga.

Su ma Holan ba su tafi da yabonsa ba. Sun ce Carles Puyol, wanda yake da gargaɗi a kansa, ya riƙe Arjen Robben sa'ad da ya nufi raga, ba a busa ba. Sun ce kuma dab da Andrés Iniesta zai ci ƙwallon nasara a minti na 116, bugun Wesley Sneijder ya taɓa ɗan Sifaniya ya fita, ya kamata a ba su kwana, sai aka ba mai tsaron gidan Sifaniya. Gwanin dillali shi ne wanda mai saye da mai sayarwa kowa ya tafi yana gode masa. A wannan dare kuwa kowa ya tafi da ƙorafi.

Irmatov shekarunsa 32 a lokacin, ya fito daga ƙasar da ba ta cikin gasar ma. Shi aka ba wasan buɗewa ran 11 ga Yuni, Afirka ta Kudu da Meziko. A nan aka ga wani hukunci da ya kamata a tsaya a kansa. Carlos Vela ya jefa ƙwallo a raga daga bugun kwana, ga ɗan Afirka ta Kudu tsaye a kan layin raga, amma mai tuta ya ɗaga, Irmatov ya soke. 'Yan kallo da yawa suka ce an yi zalunci. Ashe su ne ba su san matanin dokar ba. Doka cewa ta yi, sai da abokan hamayya biyu tsakanin mai kai hari da layin raga. Bisa al'ada ɗayansu mai tsaron gida ne, shi ya sa ido ya saba neman mutum guda. A wannan karon mai tsaron gida, Itumeleng Khune, ya fito ya bar gida, saura mutum ɗaya tak, saboda haka Vela ya yi satar gida. Cikin ƙiftawar ido aka yanke wannan, kuma ya yi daidai. Gaskiya ne idon mai tuta ne ya fara gani, amma alƙali da mataimakansa tafiyarsu ɗaya, yabo da zargi tare suke ɗauka.

Daga nan ya yi Ingila da Aljeriya, da Girka da Ajantina, da Ajantina da Jamus, da kuma wasan kusa da ƙarshe inda Holan ta ci Yurugai 3 da 2. Wasa 5 ke nan, Webb kuwa 4. Ba mu ce bai da tabo ba, gama mutanen Yurugai sun yi kukan cewa Robin van Persie yana satar gida sa'ad da Sneijder ya ci ta biyu. Amma magana ce ta tazarar taku guda, wadda har yanzu ake saɓani a kanta.

A nan ya kamata mu ja kunnen kanmu, domin sau da yawa mukan auna alƙali da zafin zuciya. A wannan gasa Óscar Ruiz na Kolombiya ya kori Sani Kaita bayan ya kai wa Vasilis Torosidis ƙafa, Nijeriya tana gaba da ci ɗaya, daga ƙarshe Girka ta ci 2 da 1. Olegário Benquerença na Fotugal kuma ya kori Luis Suárez da ya tare ƙwallon Ghana da hannu, ya ba da fanareti, Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfe. Duka biyun sun yi mana ciwo, duka biyun kuwa abin da doka ta ce suka yi.

Masu kare Webb suna da magana ta ƙarshe mai nauyi. Sun ce shi aka jefa cikin wuta, kuma da ya kori mutum tun da wuri, da an ce ya lalata wasan ƙarshe. Mun ji. Amma wannan ita ce Holan ɗin da Irmatov ya hukunta ran 6 ga Yuli a Cape Town, kwana 5 kacal kafin nan, aka gama ba a kori kowa ba, wasa kuma bai kuɓuce masa ba. Saboda haka mu dai mun ba Irmatov. Webb ya fi shi girman muƙami a shekarar, shi kuwa ya fi Webb daidaiton hukunci.

Bayan haka kowa ya ci gaba da tafiyarsa. Irmatov ya kai wasa 11 a gasar Kofin Duniya uku, 2010 da 2014 da 2018. Webb ya sake samun lambar IFFHS a 2013, ya ajiye usur a 2014, a 2022 kuma aka naɗa shi shugaban alƙalan manyan wasannin Ingila. Na'urar maimaita hoto, wadda da tana nan da an kira shi ya sake duban ƙafar de Jong, ba ta shiga Kofin Duniya ba sai a 2018.