Ba Nama, Ba Nono, Ba Tuwo: Me Ya Rage A Cikin Kwano?

Akwai wani salon cin abinci da ya yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka, wanda kuma labarinsa ke iso mana ta wayoyin hannu, musamman ga masu fama da ƙiba ko ciwon suga. Salon ya haɗa hani biyu a wuri guda, shi ya sa muka ga ya dace mu warware su kafin wani ya jefa kansa ciki.

Na farko shi ne na mutanen da ake kira bigan, sunan da wani Bature, Donald Watson, ya ƙirƙiro a Ingila a 1944. Su ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, kai har zuma ma sun bar wa ƙudanta. Na biyu shi ne keto, wanda asalinsa magani ne. Likita Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ne ya tsara shi a 1921 domin masu ciwon farfaɗiya, daga baya masu neman rage teɓa suka ɗauke shi. A wannan tsari mutum yana rage sitaci da sukari zuwa giram 20 ko 50 a yini, ya cike gurbin da maiƙo. Idan jiki ya rasa sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta koma sarrafa kitse, jiki ya riƙa aiki da shi.

Giram 50 ɗin nan ba wani abu ba ne. Giram 100 na gero ɗanye yana ɗauke da sitaci wajen giram 70, wato dunƙulen fura mai kyau ya cinye rabon yini. Don haka tuwo ya fita, shinkafa da masa da burodin mai shayi sun fita, haka rogo da dankali da dabino. Shi kansa wake, wanda mai gudun nama ke jingina da shi, sitacinsa ya kai wajen giram 60 a cikin 100. Ƴan keto na asali kan fake da nama da ƙwai, to shi wanda ya haramta wa kansa su fa?

Abin da ya ba mu dariya da muka duba jerin abincin da ya rage masa shi ne, kusan dukkansa yana shimfiɗe a kasuwar Jibiya ko Ƙwanni ko Maigatari. Awarar waken suya da ƴan mata ke soyawa a bakin tasha ita ce kan gaba, domin tana gina jiki kuma sitacinta giram 2 zuwa 3 ne kacal a cikin 100. Sai gyaɗa da riɗi, waɗanda kusan rabin nauyinsu mai ne, sai agushi da kwakwa da fiya, da ganyayyaki irin su zogale da rama da alayyaho. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wanda wasu ke ɗauka abincin talaka ne, shi ne ainihin cimar da ake yayi, in dai ba a barbaɗa masa garin rogo ba. Ayar Maraɗi kuwa, wadda ake lodinta har ƙasar Sifen, ba ta shiga sahu ba saboda sitacinta da zaƙinta.

A 2009 Likita David Jenkins da abokan aikinsa na jami'ar Toronto a Kanada sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi na irin wannan abinci na tsirrai zalla a kan masu ƙiba har mako 4. Sun rage wajen kilo 4, daidai da waɗanda aka bar wa hatsinsu aka rage musu yawan ci kawai, sai dai mugun kitsen jininsu ya fi sauka. Amma a lura, giram 130 na sitaci aka ba su a yini, fiye da ninki biyu na abin da ƴan keto ke wa'azi a kai. Kuma kilon da ke zubewa a makon farko na keto mai tsanani yawancinsa ruwa ne, tare da shi ake samun ciwon kai da kasala da taurin bayan gida. Mai yini a rumfa ƙarƙashin kwano a tsakiyar bazara ya san abin da rashin ruwa da gishiri ke yi wa mutum.

Inda muka fi jin tsoro shi ne wajen masu ciwon suga. Wanda ke yin allurar insulin ko yake shan ƙwayar gilibenkilamid, idan ya yanke hatsi dare ɗaya alhali maganin yana nan yadda yake, sukarin jininsa na iya faɗuwa, gumi ya karyo masa, jiki ya ɗauki rawa, har ya kai ga suma. Likita ne kaɗai zai daidaita maganin da sabon abincin. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda, a ganinmu, ba su da abin nema a nan.

Akwai kuma bitamin B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa. Hanta tana ajiye shi na shekaru, saboda haka mutum zai daɗe yana jin garau kafin ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu su bayyana. Ƴan bigan masu lura ƙwayarsa suke sha. Maganin suga na metfomin ma yana rage shi idan an daɗe ana sha.

Ga masu hada-hadar gyaɗa, maganar ta taɓa aljihu. Gyaɗar da aka zuba a buhu da sauran danshi tana yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Wanda ya mayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli tuwonsa na kullum shi zai fi kwasarta. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, kuma kayan da suka faɗi a awo mayar da su ake yi ko a lalata su.