Hunturun Jos da man fuska: tsakanin kwalbar waje da man atili

Matafiyin da ya taso daga Abuja a watan Disamba, ya bi ta Keffi da Akwanga ya haura Hawan Kibo, leɓɓansa ne za su fara sanar da shi cewa ya shigo wata ƙasa tun kafin ya hango Jos. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma idan hunturu ya kankama sanyin dare da busasshiyar iska kan haɗu su zuƙe danshin jiki. Fuska ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka, dunduniya ta yi faso, gashi ya yi gautsi har mataji ya riƙa fitowa da guntayensa. Ma'aikatan tarayya da aiki ke kai wa Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Kuru, ko hedikwatar asusun horar da ma'aikata na ITF, ko cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, sun san wannan hali.

A 'yan shekarun nan wani sabon kaya ya shigo kasuwar man shafawa: 'yan ƙananan kwalabe na man tsirrai mara nauyi, masu bututun ɗigawa a murfi, waɗanda ake tallatawa a Instagram da shagunan kayan kwalliya da alƙawarin cewa suna shayar da fata da gashi. Kuɗinsu ba kaɗan ba ne idan aka auna da albashi, don haka ya kamata mai saye ya san abin da yake biya.

Abu na farko da talla ba ta faɗa shi ne, babu ko ɗigon ruwa a cikin mai. Fatar mutum kullum tana asarar ruwa ta samanta ba tare da an ga gumi ba, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon saurin wannan asara. Aikin mai shi ne ya shimfiɗu a saman fata ya rage tsiyayar ruwan, ya kuma cike 'yan tsage-tsagen da ke sa ta kaushi. Wanda ya shafa mai a busasshiyar fuska zai sami sheƙi, amma ƙishirwar tana nan a ƙarƙashi. Lokacin da ya dace shi ne nan take bayan wanka ko wanke fuska, tun da sauran lema, ɗigo 2 ko 3 a murza a tafin hannu a dafa. Ga mai alwala sau 5 a rana wannan dama ce da ke maimaita kanta, kamar yadda yawan wanke fuskar ba tare da shafa komai ba yake ƙara mata bushewa. Idan fatar ta bushe sosai, a fara da man shafawa mai ruwa-ruwa da ke ɗauke da giliserin, wanda ke jawo danshi, sannan a rufe da man.

In dai toshe hanyar ruwa kaɗai ake nema, basilin ɗin da iyayenmu suka yi mana wanka da shi ya fi duk wani man tsiro iya wannan aiki, ga shi kuma da araha. Aibinsa maiƙo da kama ƙura, kuma babu hadimin da ke son shiga ɗakin taro goshinsa na ƙyalli kamar mai tuyar ƙosai. Abin da ake saye da tsada a 'yar kwalbar nan shi ne rashin nauyin.

Biyu daga cikin mayukan waje sun cancanci sunan da suka yi. Wanda ake rubutawa jojoba a jikin kwalba daga ƙwayar wani tsiro yake fitowa na hamadar Sonora, kan iyakar Amurka da Meziko. A haƙiƙa kakin zuma ya fi kama da shi a gini, sai dai shi ruwa ne, kuma yana da kusanci da maiƙon da fatar mutum ke fitarwa da kanta. Kasuwarsa ta buɗe ne a farkon shekarun 1970, bayan Amurka ta hana shigo da man kifin nan mai suna wel, masana'antu suka shiga neman madadi. Na biyu shi ne sikwalen, wanda a da daga hantar kifin shak ake samunsa, yanzu kuwa galibi daga zaitun ko rake. Dukansu ba sa saurin lalacewa kuma ba kasafai suke toshe ƙofofin fata ba.

Filato tana da nata man. Atili babban itace ne da ake samu a Pankshin da kewayenta, 'ya'yansa shunayya mai duhu, dogaye kaɗan, waɗanda ake jiƙawa a ruwan ɗumi su yi laushi kafin a ci. Duk wanda ya zauna a Jos ya san ƙa'idar: in ruwan ya cika zafi, sai atilin ya ƙanƙare ya ƙi ciwuwa. Wasu na kiransa zaitun na Afirka, amma ba shi da dangantaka da zaitun. Danginsa su ne hano da dashi, shi ya sa ƙaronsa ke ƙamshi har ake turare da shi. Daga tsokar 'ya'yan ake fitar da man atili, wanda mutanen yankin suka daɗe suna ci a abinci suna kuma shafawa a jiki.

Tambayar ita ce ko ya dace da fuska, kuma amsar tana cikin irin kitsen da ke cikinsa. Man tsirrai ya ƙunshi nau'o'in kitse da dama, amma biyu ne suka fi shafar mai shafawa: oleyik da linoleyik. Linoleyik na cikin tubalan da fata ke gina katangarta da su. Oleyik kuwa yana sa laushi nan take, amma idan ya yi yawa yakan sassauta wannan katanga. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun wallafa sakamakon wani ɗan gwaji da suka yi da manya 19 na tsawon mako 4: man zaitun, mai yawan oleyik, ya raunana katangar fata har ya jawo ja-ja ga wasu, shi kuwa man 'ya'yan furen sanfulawa, mai yawan linoleyik, bai yi haka ba. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa ya sa a yi hattara da al'adar ɗaukar man zaitun a matsayin maganin komai, musamman ga jarirai da masu ƙaiƙayin fata.

Man atili yana da yawan oleyik da wani kitse mai nauyi da ake kira falmitik. Saboda haka, a ganina, muhallinsa ƙafa ne da gwiwar hannu da dunduniya da bakin gashi, inda nauyinsa alheri ne. Mai busasshiyar fuska da ba ta ƙuraje zai iya gwada shi da dare. Mai fuska mai maiƙo kuwa gara ya bar shi a kwanon gwate.

Wanda ke neman mara nauyi na gida ba sai ya tsallaka teku ba. Man riɗi yana da oleyik da linoleyik kusan kai ɗaya, kuma Nasarawa da ke maƙwabtaka da Filato, da Binuwai, har da Jigawa, suna cikin manyan masu noman riɗi. Man ƙwallon aduwa da man 'ya'yan kuka su ma suna da rabo mai kyau na linoleyik, kamfanonin Turai ma na sa su a kayan kwalliya. Man zogale yana shiga fata da sauri, sai dai kusan kashi 70 cikin 100 nasa oleyik ne, abin da ke nuna cewa sauƙin da hannu ke ji ba shi ne ma'auni ba.

Gashi lissafinsa daban. Nannaɗewar gashinmu tana hana maiƙon fatar kai gangarowa zuwa baki, shi ya sa bakin ne ke fara karyewa. A nan man kwakwa ya yi fice, domin yana ratsa silin gashi, kuma wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna shafa shi kafin wanki yana rage zubar sinadarin da ke riƙe ƙarfin gashin. A jiƙa gashi tukuna, a shafa man a jikinsa da bakinsa. Mai amosanin kai ya guji lafta mai a fatar kai, domin ƙwayar halittar da ke haddasa amosanin da maiƙo take rayuwa, kuma man da ya gangaro daga gashi ko gemu shi ne sanadin ƙurajen da ke jeruwa a goshin mutane da yawa.

Sanyin Jos yana ruɗar baƙo ya manta da rana. Ƙarfin haskenta mai ƙona fata yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000 na tsayi, kuma babu man tsiron da ke kare fata daga gare shi.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa ba suna ba lamba, da sunan man gargajiya mai sa haske. Man tsiro ba ya canja launin fata. Idan ya canja, to an zuba masa wani abu, galibi sinadarin haidirokwinon ko maganin sitiroyid, waɗanda ke sirantar da fata su bar tabo da jijiyoyi a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da kayan bilicin, kuma a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa. A duba lambar rajistar hukumar, a kuma gwada sabon mai a bayan kunne ko cikin hannu na kwana 2 kafin a kai shi fuska.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi teburin masu tsara manufofi. A Agustan 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6, bisa hujjar cewa Nijeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta bai kai kashi 1 ba a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5. Moroko ta bi wata hanya da man argan: malamar kimiyya Zoubida Charrouf ta taimaka wajen kafa ƙungiyoyin mata masu matsar man tun daga 1996, aka tsabtace aikin, aka auna ingancinsa, UNESCO ta karrama sana'ar a 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware wa itacen ranar 10 ga Mayu tun daga 2021. Man atili har yanzu galibi a tsohuwar robar ruwa ake sayar da shi, ba ranar matsa ba tabbacin ko an sirka shi da man gyaɗa.

Kafin a kai ga gyara wannan, hanci ne abin dogaron mai saye. Man da ya fara hamami ya lalace, kuma lalataccen mai ƙaiƙayi yake sa wa fata. A sayi kaɗan, a juye a kwalba mai duhu, a ajiye nesa da taga, kada kuma a bar shi a cikin mota idan an gangaro zafin Abuja.