Gobarar Lantarki: Mai Gadin Da Muke Sallama Da Hannunmu

Da zarar hunturu ya kama, komai ya bushe, sai labarin gobara ya yawaita a garuruwanmu. In an tambayi dalili, akan ce wutar lantarki ce. Amma lantarki ba ya cin gida haka kawai. Galibi sakaci ne ke share masa hanya.

Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta bolt 230 ne, soket mai ido uku kuwa an yi shi ne don ɗaukar amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. Butar lantarki ita kaɗai takan ci wat 2,000, dutsen guga kuma wat 1,000 ko fiye. Ke nan ɗalibin da ya jona su biyun a soket guda, sa'an nan ya ƙara da hita, ya ɗora wa waya kayan da ya fi ƙarfinta. Sai ta yi zafi, robar jikinta ta narke, tartsatsi ya kama labule ko silin.

Domin hana wannan ne aka sa fis. Shi fis siririyar waya ce wadda aka yi ta musamman don ta tsinke kafin wayar gida ta ƙone. Abin takaici, in ya tsinke, maimakon a binciki dalili, sai a ɗaure wurin da wayar tagulla mai kauri. Wanda ya yi haka ya sallami mai gadi, ya kwana ƙofa a buɗe.

Haɗari na biyu shi ne ɗauke wuta. Ma'aikaci na guga da safe aka ɗauke, ya bar dutse a kan tufa ya tafi ofis. Wuta ta dawo da hantsi, babu kowa a ɗaki. Saboda haka duk sa'ad da aka ɗauke wuta, a kashe makunni, a zare kayan zafi daga soket.

Kada a ba kowa aikin wayar gida sai mai takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke ba da ita a Nijeriya. In an ji warin roba, ko soket ya yi baƙi, a kira gwani tun da wuri. In kuwa wuta ta riga ta kama, kada a watsa ruwa, domin ruwa na ɗaukar lantarki ya kai ga mai watsawa. A kashe babban makunni, a fitar da iyali, a kira 'yan kwana-kwana.

Kuɗin sabon fis bai kai na buhun siminti ba, balle ran ɗan Adam.