Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Idon Maharbi da Madubin Saiti

Gabatarwa

Labarin baka ya nuna cewa garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi da ake kira Ma, wanda ya zauna a dutsen nan da ke tsakiyar garin. Wannan kaɗai ya isa nuni ga daɗewar sana'ar harbi a yankin da ya taso daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, har ya dangana da dazuzzukan Runka da Rugu ta yamma. Maharban wancan zamani da baka da kibiya suka yi aiki, daga bisani adaka ta shigo. Matasan yau kuwa sun saba ganin bindiga a fina-finai ɗauke da wani ɗan bututu a gadon bayanta, wanda mai harbi ke leƙawa kafin ya ɗana kunama. Wannan bututu shi ne madubin saiti. Da yawa sun ɗauka cewa gwargwadon yadda madubin ke ƙara wa abu girma, gwargwadon amfaninsa ke nan. A dajin da dabba ke ɓullowa kusa, al'amarin ba haka yake ba, kuma dalilin yana tattare ne da halittar idon ɗan Adam.

Abin da ido ke iyawa

Dabbobin da ake farauta, irin su zomo da gada da barewa, idanunsu a gefen kai suke. Zomo yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya waiwaya ba. Dabbobi masu farauta kuwa, kamar kyanwa da mujiya, idanunsu a gaba suke, haka ma na mutum. Idanun mutum biyu suna ɗaukar faɗin da ya kai kimanin digiri 200, kuma a cikin kusan digiri 120 na tsakiya duka biyun suna kallon abu guda, wanda hakan ke ba ƙwaƙwalwa damar auna nisa.

Sai dai ba duk wannan faɗi ake gani tangaran ba. A kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido akwai wani ɗan gurbi inda ƙwayoyin gani suka fi cunkoso, kuma abin da yake ɗauka bai wuce digiri 2 ba, wato kamar faɗin farcen babban yatsa idan an miƙe hannu. Sauran tantanin ba ya tantance siffa sosai, amma gwani ne wajen lura da motsi. Shi ya sa maharbi kan fara tsinkayar gada da wutsiyar ido, sa'an nan ya juyo da tsakiyar idon ya tabbatar.

Ido yana da wata iyaka kuma: ba ya daidaita gani a kan nesa da kusa a lokaci guda. Mai saiti da ƙarfen bindiga yana buƙatar jera abu uku, wato tsagar baya da tsinin gaba da ita kanta dabbar, alhali ɗaya kawai idonsa zai gani sarai. Matsalar tana ƙaruwa bayan shekara 40, lokacin da ƙwayar da ke tattara haske a cikin ido take fara tauri, har mutum ya riƙa nesanta takarda kafin ya karanta.

Yadda madubin yake aiki

Tun a ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya tabbatar a Alƙahira cewa gani yana samuwa ne saboda haske yana shiga ido daga waje. A 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi izinin mallakar fasahar madubin hangen nesa, a 1611 kuma Johannes Kepler ya bayyana tsarin da ke amfani da gilasai biyu masu doro. Wajen 1640 wani masanin taurari a Ingila, William Gascoigne, ya lura cewa zaren gizo-gizo da ya gitta a wani wuri cikin madubinsa yana fitowa tangaran tare da abin da ake hange. Daga nan aka samo layukan nan biyu masu gicciye juna.

Babban amfanin madubin saiti ke nan. Gilashin gaba yana tattara haske ya kafa hoton dabba a cikin bututun, wasu ƙananan gilasai su miƙar da hoton don kada ya fito a kife, layukan saiti kuma suna zaune daidai inda hoton ya kafu. Saboda haka ido abu ɗaya yake kallo maimakon uku. Wannan fa'ida tana samuwa ko da ninkin madubin ɗaya da rabi ne kacal.

A jikin kowane madubi akan rubuta lambobi biyu, misali 4x32. Ta farko ita ce ninki: gadar da ke nisan mita 40 za ta bayyana kamar tana mita 10. Ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ce a ma'aunin milimita.

Abin da ninki ke ci

Kowane ƙarin ninki da abin da yake ragewa. Na farko shi ne faɗin gani. Madubi mai ninki 4 yana nuna fili mai faɗin kimanin mita 10 a nisan mita 100, mai ninki 12 kuwa kimanin mita 3. A dajin wannan yanki, inda sabara da geza da kalgo da gamba ke tare hanya, sau da yawa dabba takan bayyana ne a nisan da bai wuce mita 30 ba. A irin wannan nisa mai ninki 12 yana nuna kusan mita 1 ne kawai. Dabbar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa za ta ƙetare wannan fili cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, alhali kuwa mutum yana buƙatar kimanin rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Kafin saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo, sai ganye kaɗai ya rage a madubin.

Na biyu shi ne haske. Idan aka raba faɗin gilashin gaba da ninki, za a sami kaurin hasken da ke fitowa zuwa ido. Madubi 4x32 yana ba da milimita 8, haka ma 2.5x20, amma 12x40 bai kai 3.5 ba. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa zuwa kimanin milimita 2 da tsakar rana, ta buɗe zuwa wajen 7 cikin duhu ga matashi, ga dattijo kuwa ba ta cika wuce 5 ba. Da asuba da almuru, lokacin da namun daji suka fi fitowa, ƙofar a buɗe take tana neman haske, sai madubi mai ninki da yawa ya ba ta ɗan siriri. Haske mai kauri kuma yana sa ido ya sami hoton nan take, ko da kai bai zauna daidai ba.

Na uku shi ne rawar hannu. Babu hannun da ke tsayawa cik, domin numfashi da bugun zuciya da ƙaramar karkarwar tsoka ba sa yankewa. Madubi ba ya ƙara wannan rawa, amma yana ninka ganinta, har mai saiti ya riƙa jinkiri ko ya fizgi kunama.

Akwai madubin da ake murɗawa a sauya ninkinsa, akwai kuma mai ninki tsayayye. Na biyun gilasansa ba su da yawa, babu sassa masu zamewa a cikinsa, don haka ya fi sauƙin nauyi da jure jijjiga. Haka kuma ba a mantuwa a bar shi a kan babban ninki.

Dabarar burtu

Adakar da maƙeran gida ke ƙerawa bututunta sumul yake a ciki, kuma tarin ƙananan harsasai take watsawa zuwa ɗan gajeren nisa, saboda haka madubi ba zai ƙara mata komai ba. Maharbin gargajiya ta wata hanya ya warware matsalar nisa. Yakan ɗaura sassaƙen kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ga dabba ba, har ya matso daf da ita. Bai jawo hoton dabba kusa ba, shi ne ya je kusa, idanunsa biyu a buɗe. Madubi mai ƙaramin ninki shi ya fi kusa da wannan hikima, domin yana barin mai kallo ya ga dabba tare da abin da ke kewaye da ita. Wannan batu ne na rai. A dajin da makiyaya da masu itace ke bi, wanda ke kallo ta ƙunƙuntar taga ba zai ga yaron da ke tafe ta gefe ba.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da bindiga ba. A nannaɗe takarda biyu kamar bututu, ɗaya mai faɗi ɗaya siriri, ɗalibi ya leƙa ta kowanne yayin da wani ke gara ƙwallo a gabansa, a ƙidaya sau nawa ya iya bin ta. Sa'an nan ɗalibi ya miƙe hannu ya dubi babban yatsansa, ya lura da yadda allo ya dushe, ya koma kan allo ya ga yatsan ya dushe. A ƙarshe ɗalibai biyu su rufe ido na rabin minti, su buɗe suna duban juna, su ga ƙofar ido tana tsukewa.

Kammalawa

Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin a mallaki bindiga a Nijeriya, Dokar Namun Daji ta 1963 ta Jihar Arewa ta tsara farauta, doka mai lamba 11 ta 1985 kuma ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Noma da saran itace sun rage dajin yankin ƙwarai, matsalar 'yan bindiga da ta taso a shekarun 2010 kuma ta mai da shiga dajin Rugu kasada. Ɗalibin yau zai fi amfana da wannan ilimi idan ya riƙe madubin hangen nesa a bakin madatsar ruwa ta Zobe yana ƙidayar tsuntsaye, ko ya zauna gaban madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: a fara da ƙaramin ninki a gano abu da muhallinsa, sa'an nan a ƙara idan da buƙata.