"Ai Kuɗinsa Ne" Ba Hujja Ba Ce

Duk sanda aka tayar da zancen ƙayyade kuɗin yaƙin neman zaɓe, sai wani a majalisa ya ce, "Ina ruwan hukuma? Ai kuɗinsa ne." Na gaji da wannan magana, musamman daga bakin wanda asibitin unguwarsu ko maganin zazzaɓi babu.

Doka kam akwai ta. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana mai neman shugabancin ƙasa kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100. Ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta haura miliyan 50.

To, kuɗinsa ne da gaske? A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Fom kaɗai ke nan. Ba a zo kan daliget ba, waɗanda zancen raba musu daloli ya sa jami'an EFCC suka leƙa zaɓen fid da gwani na PDP a Abuja. Ba a zo kan jerin gwanon motoci da 'yan jagaliya da katan-katan na taliya ba. Albashin gwamna na shekara huɗu ba zai biya wannan ba. Attajirin da ya cike giɓin kuwa jari ya zuba, kuma ana rantsarwa zai zo karɓar kwangilar titin garinku. In kwaltar ta farfashe a daminar farko, wa zai iya ɗaga masa murya? Malamin makarantar da jama'a suka yarda da amanarsa kuwa, tun a farashin fom aka sallame shi.

Masu cewa ƙayyadewar tana fifita mai riƙe da mulki, tunda shi yana da rediyo da motocin gwamnati, suna da ƙamshin gaskiya. Sai a toshe masa wannan ƙofar shi ma. Babban raunin dokar ta 2022 shi ne hukuncin da ta tanada: tarar kashi 1 cikin 100 na adadin da aka halatta, ko ɗaurin shekara ɗaya. Miliyan 50 ga mai biliyoyi, kuɗin shayi ne.

Saura namu. A daina wannan dabarar ta "ka ci kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka", domin layin da ka shiga shi ke tabbatar musu cewa kasuwar tana ci. Kada ka ɗaga takardar ƙuri'arka don wani ajan ya gani. Ke uwa, atamfa da sabulu ba za su kai watan gobe ba. Limamai su faɗa a huɗuba tun kafin lokacin zaɓe, su kuma ƙi ambulan ɗin da ake turo musu. 'Yan jarida su ƙirga allunan talla da jiragen haya. Doka ta ba jam'iyyu wata shida bayan zaɓe su miƙa wa INEC bayanin abin da suka kashe, kuma ta ce a buga shi a jarida. A je a nema, a karanta wa mutane a rediyo da Hausa.