Dalilan Da Ke Sa Gwamnati Ta Ƙarfafa Ƙananan Sana'o'i: Nazari A Yankin Dutsin-Ma Da Kurfi

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin fito da dalilan da ke sa gwamnati ta mai da hankali ga ƙananan sana'o'i, tare da kawo misalai daga ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Abin da ake nufi da ƙaramar sana'a a nan shi ne duk wata sana'a da mutum ɗaya ko iyali ke gudanarwa da ɗan jari da ma'aikata ƙalilan, kamar ƙira da ɗinki da kafinta da walda da faci da ƙuli-ƙuli da kiwon turka da cajin waya. A mazaɓa irin ta Shema da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya a sami gidan da ba a haɗa noma da ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i.

2.1 Samar Da Aikin Yi

Dalili na farko shi ne gwamnati ba ta iya ɗaukar kowa aiki. Wannan ya fito fili bayan faɗuwar farashin man fetur da shigowar tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, lokacin da aka rage ma'aikata, masana'antu da dama kuma suka durƙushe. A wannan shekara ce aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, domin koya wa matasa sana'a. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2017 ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i fiye da miliyan 41 a Nijeriya. Ke nan da kowace ɗaya za ta ɗauki yaro ɗaya tak, da an samar da aikin da babu ma'aikatar gwamnati da za ta iya samarwa.

2.2 Rage Cirani Da Zaman Banza

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Da zarar an kai amfanin gona gida, matasa da yawa sukan tafi cirani Kano ko Abuja ko Legas. Sana'ar rani ita ce ke riƙe matashi a gida. Madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka kammala a 1983, misali ce ta jarin gwamnati da ƙananan masu sana'a ke ci a gefensa, daga masunta zuwa manoman rani da masu sayar da kayan miya. Bugu da ƙari, matashin da yake da abin yi ba ya saurin faɗawa hannun ɓata-gari, shi ya sa Hausawa ke cewa da zaman banza gara aikin kishiya.

2.3 Juya Kuɗi A Cikin Gida

Idan manomi a Kurfi ya sayar da gyaɗarsa ɗanya, ribar sarrafa ta takan tafi wani gari. Amma idan matan gida suka matse mai suka toya ƙuli-ƙuli, ribar ta tsaya a nan, mai injin markaɗe da mai itace da mai kaiwa kasuwa duk sun samu. Haka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya kawo ɗalibai da ma'aikata masu buƙatar abinci da ɗakunan haya da sufuri. In ba a ƙarfafa 'yan gari ba, baƙi masu jari ne za su kwashe wannan ciniki.

2.4 Kuɗin Shiga

Gwamnati ma tana da tata riba. Kuɗin rumfa da na tashar mota da na kara a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma suna cikin hanyoyin samun kuɗin shiga na ƙaramar hukuma. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga duk kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. Hikimar ita ce a bar ƙaramin ya girma, ya yi rajista, sannan ya zama mai biyan haraji.

2.5 Hanyoyin Da Aka Bi Da Matsalolinsu

Babbar matsalar mai ƙaramar sana'a ita ce jari, domin bankunan kasuwanci suna neman jingina. Saboda haka aka kafa Bankin Jama'a a 1989, da bankunan al'umma a 1990, da SMEDAN a 2003, sai kuma shirin TraderMoni a 2018 wanda ya fara da rancen naira dubu 10. A matakin jiha, gwamnatin Ibrahim Shehu Shema (2007 zuwa 2015) ta kafa ƙauyen koyar da matasa sana'o'i a Katsina, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa kuwa, wanda ya taɓa shugabancin SMEDAN, ya kafa hukumar KASEDA.

Sai dai idan aka duba da kyau, za a ga rance kaɗai bai isa ba. Wasu kan ɗauki rancen gwamnati a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, su ƙi biya, asusun ya ƙafe kafin ya kai ga na baya. Wasu kuma kan guje shi saboda kuɗin ruwa, su gwammace adashi. Haka nan a 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwar Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi na wani lokaci. Mai kiwon turka da mai sana'ar POS sun tsaya cik, ko da kuwa suna da jari.

2.6 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa gwamnati tana ƙarfafa ƙananan sana'o'i ne domin samar da aikin yi da rage cirani da riƙe riba a gida da kuma faɗaɗa kuɗin shiga. An kuma ga cewa tallafin ba ya tasiri sai an haɗa shi da tsaro da wutar lantarki da hanyar kai kaya kasuwa. Babi na gaba zai dubi yadda masu sana'ar su kansu ke haɗa jari.